Gari a cikin ruwa: jagorar gina wasan yawon bincike a kwale-kwale

Kusan duk matashin da ya kawo mini wasan da yake ginawa na garin da ambaliya ta cinye, daga Gusau yake ko Tsafe ko Bungudu, abu ɗaya nake tararwa a laftof ɗinsa. Ruwa mai ƙyalli wanda aka ɓata makonni ana yi wa kwalliya, sai dogayen benaye irin na Dubai da aka sauke daga intanet aka jera a ciki. Ka hau kwale-kwalen ka yi tuƙi na minti biyu, ka rasa inda za ka nufa, ka rasa dalilin zuwa. A tura wasan cikin waya kuma, wayar ta ɗau zafi ta soma sandarewa. Yaran nan ba ragwaye ba ne, hannunsu na da sauri a kwamfuta. Aikin ne suke kamawa ta wutsiya, shi ya sa na ga gara in jera shi yadda ya kamata a bi.

Irin wasan da nake nufi ba na harbe-harbe ba ne. Misalinsa mafi kusa shi ne Submerged, wanda kamfanin Uppercut Games na birnin Kanbera a Ostareliya ya fitar a 2015. Wata yarinya ce mai suna Miku ta iso birnin da ruwa ya shanye, tare da ƙanenta Taku wanda ya ji rauni. Tana tuƙa ɗan jirginta tsakanin gine-gine, ta duba da madubin hangen nesa, ta hau bene ta nemo akwatunan kayan agaji don ta yi jinyarsa. Babu faɗa, babu mutuwa. Abin da ke riƙe mai wasa tambaya ce guda: me ke can gaba? Idan wasanka ya kasa sa mutum ya yi wa kansa wannan tambayar, kyan ruwa ba zai cece shi ba. Duk matakan da ke ƙasa hidimar tambayar nan suke yi.

Kayan aiki

Laftof mai RAM gigabait 8 ta wadatar, mai 4 ma za ta yi idan da haƙuri. Injin wasan da nake ba da shawara shi ne Godot 4, wanda ya fito a Maris 2023. Kyauta ne, fayil ɗin da ake saukewa bai kai megabait 100 ba, kuma ba ya buƙatar a girka shi, buɗewa kawai ake yi. Wajen buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility, domin shi ne tsarin zanen da ƙananan wayoyi da tsofaffin kwamfutoci ke iya ɗauka. Sai Blender don sassaƙa kaya, Audacity don gyaran sauti, littafi mai layin murabba'i da fensir, da filashi guda da ba a ajiye komai a ciki sai kwafin aikinka. Ka samu waya mafi rauni a gidanku, irin itel ko tsohuwar Tecno mai RAM 2, domin ita ce alƙaliyar aikin. Fayilolin fitar da wasa na Godot sun kai kusan gigabait guda, saboda haka ka sauke su sau ɗaya lokacin da data ke da sauƙi, ka raba wa abokan aikinka ta filashi.

Mataki na 1: Ɗauki unguwa ɗaya, ka yanke zurfin ruwa

Kada ka ce za ka gina Gusau gaba ɗaya. Fili mai mita 300 a tsaye da 300 a kwance ya ishi wasan farko. Kwale-kwale mai tafiyar mita 5 a sakan guda zai ratsa shi cikin minti ɗaya idan hanya miƙaƙƙiya ce, amma da lunguna da tsayawa da hawa, mutum zai yi minti ashirin bai gaji ba. Mai faɗaɗa taswira tun farko yakan ƙare da fanko, domin ba shi da abin da zai cika ta.

Zurfin ruwa shi ne shawara mafi nauyi a aikin, kuma nan ne kwaikwayon wasannin waje ke kai mutum ya baro. A Submerged ruwa ya haɗiye hawa da yawa saboda birnin na dogayen benaye ne. Garuruwanmu a kwance suke. Ka zuba ruwa mita 30 a kan Tudun Wada ko Sabon Gari, ba abin da zai rage sai 'yan ƙarafan sabis. Ka tsaya wajen mita 3. A wannan zurfin gida mai hawa ɗaya ya nutse har ƙarƙashin rufi, kwanon yana leƙowa. Bene kuma hawansa na sama a bushe yake, ana iya sauka a shiga. Tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe, hasumiyar masallaci, rufin gidan mai, allon talla, kawunan darbejiya da giginya, duk suna waje.

Sannan ka tuna da abin da duk wanda ya taɓa ganin ambaliya a nan ya sani: ginin laka ba ya zama cikin ruwa. Gindin katanga ke fara jiƙewa, ya zaizaye, ginin ya zauna. Bayan shekaru sai tudun ƙasa da kan azara. Wannan gaskiyar kyauta ce ga mai tsara taswira, domin ta raba maka gari kashi biyu ba tare da ka ƙirƙiri komai ba. Tsohuwar unguwar laka ta zama buɗaɗɗen tafki mai itatuwa da bado, inda ake tuƙi da sakin jiki ana hangen nesa. Unguwar bulo da siminti ta zama matsattsun hanyoyin ruwa masu kwana, inda ba a ganin abin da ke gaba sai an karya. Mai wasa yana buƙatar duka biyun, ƙunci sannan sarari.

Idan za ka fita ganin gine-gine don ka zana su, ka tsaya cikin gari, da rana, ka nemi izinin mai gida kafin ka ɗaga waya. Kada ka ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ko ofisoshinsu. Kada ka shiga daji ko ka kama hanyar ƙauye don hoton dutse, halin da hanyoyinmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Kuma kada ka kusanci bakin gulbi lokacin da ya kawo. Gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa tana ruftawa ba sallama.

Mataki na 2: Zana taswira a takarda

Kowane murabba'i a littafinka mita 10 ne. Fara da alamomi uku dogaye waɗanda ake hangowa daga ko'ina, kuma kada biyu su yi kama: tankin ruwa, ƙarfen sabis da ya karkace, hasumiya. Wani masanin tsara birane ɗan Amurka, Kevin Lynch, ya nuna a littafinsa na 1960 cewa mutane na riƙe gari a ka ne ta hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗa da alamomi. Ruwa ya shafe maka tituna da sunayensu, don haka nauyin ya koma kan alamomi. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a jera gidaje hamsin iri ɗaya, sannan a liƙa kibiya a allo tana nuna hanya. Da zarar kibiya ta bayyana, mutum ya daina kallon garin, ya koma bin kibiya.

Ka sa babban dutse a gefen taswira. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san yadda dutsen Kwatarkwashi ke tsaye a ido tun daga nesa, ka yi ta tafiya yana nan. Irinsa a bayan wasanka zai zama alƙiblar mai tuƙi, kuma shi ne wurin da hankali zai ba shi cewa mutanen garin can suka gudu. Ka ba ruwan ɗan gudu zuwa gefe guda. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa ta Gusau ya nufi Bungudu da madatsar Bakolori, wato daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Idan kainuwa da tarkace na tafiya gefe ɗaya kullum, mai wasa zai koyi karanta su ba tare da an gaya masa ba.

Ɓoye rabin kowane abu. Tankin ya leƙo ta bayan bene, a ga kansa ba a ga ƙafarsa ba. Abin da aka gani duka daga nesa an gama da shi, wanda aka ga rabinsa shi ake tuƙawa a je gani.

Mataki na 3: Gina da akwatuna marasa fenti

Magini yakan ja igiya ya zuba toka a ƙasa kafin ya sayi bulo ko ɗaya, domin gyaran layin toka da ƙafa ake yi, gyaran katanga sai da guduma. Haka wannan matakin yake. A Godot ka yi amfani da CSGBox3D ka tsayar da kowane gini a matsayin akwati mai launin toka. Awo ɗaya a Godot mita ɗaya ne: mutum 1.7, ƙofa 2, hawan bene 3. Ruwan kuma shimfiɗa ce kawai mai launi ɗaya. Lungunanmu na gaske mita 2 ne ko 3, amma a wasa ka buɗa su zuwa 6 ko 8, in ba haka ba kamara za ta riƙa dukan bango. Ka tuƙa cikin akwatunan nan da agogo a hannu. Idan ka yi sakan 40 ba ka ga sabon abu ba, matso da gine-ginen ko ka sa wani abu a tsakani. Kada ka buɗe Blender sai yawo cikin akwatuna ya yi daɗi da kansa.

Mataki na 4: Kwale-kwale da kamara

Mai wasa zai yi mafi yawan lokacinsa a cikin jirgin nan, saboda haka ya cancanci mako guda shi kaɗai. Masu farawa kan ɗauki RigidBody3D su ce za su lissafa yadda ruwa ke ɗaga katako. Ƙarshenta jirgi ya riƙa tsalle yana kifewa a bakin katanga. Ɗauki CharacterBody3D, ka kulle tsayinsa daidai fuskar ruwa. Gudun ya riƙa hawa a hankali, ya sauka a hankali, kuma in an karya kwana gindin jirgin ya ɗan zame kafin ya miƙe. Wannan zamewar ce ke gaya wa hannu cewa a kan ruwa ake. Lilon igiyar ruwa a jikin hoton jirgin kaɗai za ka sa shi. Idan kamara ta yi lilo tare da shi, cikin minti biyar mai wasa zai ji jiri da tashin zuciya, ya ajiye wayar bai san dalili ba. Rataya kamarar a SpringArm3D don ta matso da kanta idan bango ya shiga tsakani.

Wuraren sauka su kasance da alama guda wadda ba ta canzawa, misali jan ƙyalle ɗaure a taga ko tsohuwar taya rataye a bango. Ka nuna ta sau ɗaya a farkon wasa, a wurin da ba yadda za a yi a wuce ba a gani ba. Maɓallan allo su yi girman babban yatsa, kuma kada su wuce uku.

Idan ka ga aikin nan ya fi ƙarfin kwamfutarka, akwai wata hanya. FAR: Changing Tides, na kamfanin Okomotive da ke Zurik a Suwizalan, wanda ya fito a 2022, daga gefe ake kallonsa, jirgi na tafiya daga hagu zuwa dama, kuma ba a furta kalma ko ɗaya a cikinsa. Wannan tsarin ya rage wahalar kamara ƙwarai.

Mataki na 5: Sa labari a cikin kaya

Nan ne wasa ke samun rai ko ya rasa shi. Babban ƙorafin da aka yi wa Submerged shi ne maimaici: hau bene, ɗauko akwati, koma, sake hawa wani. Idan kamfani mai ƙwararru ya faɗa wannan ramin, kai ma za ka faɗa in ba ka shirya ba. Maganinsa shi ne kowane wurin sauka ya amsa tambaya guda game da mutanen da suka zauna a nan, ya kuma buɗe wata.

Ga ɗaki guda a hawan sama, a matsayin misali. An kwaso jeren amarya daga ƙasa, kwalla da langa an tula su a kusurwa ba tsari, alamar da gaggawa aka hau da su. A jikin bangon matakala akwai layukan laka uku, kowane sama da na baya, kusa da kowane an ja zane da gawayi. A kan rufin siminti ga duwatsun murhu uku da baƙin hayaƙi, ga turke da guntun igiyar akuya, an yanke ta da wuƙa, ba tsinkewa ta yi ba. Ƙyauren ɗakin babu shi, sai maƙalansa a jikin bango. Ba ka rubuta jimla ko ɗaya ba, amma mai wasa ya san sun kwana da yawa a nan, ruwa na hawa suna aunawa, daga baya suka cire ƙyaure suka yi abin hawa da shi, suka tafi da akuyarsu. Ina suka nufa? Ta tagar ɗakin, ka tabbata ana hango dutsen.

Rubuce-rubucen bango ma suna aiki, irin waɗanda muke gani kullum: sanarwar cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, lambar mai gyaran rijiya, sunan makarantar Islamiyya da fenti ya koɗe. Ka rubuta su da Hausa, wasu da ajami. Wurare biyar masu irin wannan cikar sun fi ashirin da ba komai cikinsu sai abin tsinta.

Akwai abubuwan da nake roƙon a kiyaye. Kada ka sa ayar Alƙur'ani ko allo mai rubutu cikin tarkacen da ke yawo a ruwa. Masallaci a hango hasumiyarsa daga nesa ya wadatar, ba sai an mai da cikinsa wurin tsintar kaya ba. Kada ka kwafi gidan wani na gaske ka nuna shi a rushe. Ambaliya a wurinmu ba tatsuniya ba ce. Ranar 30 ga Satumba 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ɗaruruwan gidaje suka tafi. A Satumban 2024 madatsar Alau ta cika Maiduguri da ruwa. Cikin masu buga wasanka za a samu wanda ya taɓa ɗaukar tsohuwarsa a baya cikin ruwa har ƙirji. Ka gina wasan yadda zai buga shi ya ji an san abin da ya gani, kuma kada ka sa gawa don ado.

Mataki na 6: Yanzu ka yi ruwan

Ruwan ambaliyarmu ja ne, mai laka, ba a ganin ƙasansa. Wannan ya sauƙaƙa maka aiki sau biyu. Ruwa mai gani har ƙasa yana cin ƙarfin waya sosai, kuma yana tilasta maka gina duk abin da ke ƙarƙashi. Ruwa mai duhu shimfiɗa ɗaya ce, a ɗora mata hotunan ƙananan igiyoyi biyu suna zamewa ta fuskoki daban-daban, a ba ta ɗan ƙyallin sararin sama. Ƙasan gine-ginen da ba a gani kada ka gina shi sam.

Abin da ke sa ruwa ya zama na gaske yana gefensa ne: baƙin layin gansakuka a jikin bango, tsatsa a kwano, kainuwa da ta taru a kusurwa, jarka da leda da silifa ɗaya suna yawo, balbela a kan allon talla. Abubuwan da ke da yawa iri ɗaya, kamar kainuwa, ka zuba su ta MultiMeshInstance3D don waya ta zana su a tashi ɗaya. Hasken rana guda ya isa. Ka sa hazo ya rufe abin da ya wuce mita 150, ban da dogayen alamomin nan uku da dutsen. Tunda ruwan ya shekara da shekaru a garin, hunturu ma zai same shi, kuma hazon yana ɓoye iyakar taswira, yana rage wa waya nauyi.

Tunda shimfiɗa ɗaya ce, ɗaga ta ko sauke ta abu ne mai sauƙi. Sea of Solitude, na kamfanin Jo-Mei da ke Balin, wanda ya fito a 2019, ya yi amfani da hawa da saukar ruwa wajen buɗe sassan birni. Kai ma ka sa wata ƙofar madatsa da mai wasa zai buɗe a tsakiyar wasa, ruwa ya sauka mita ɗaya. Tagogin da ke nutse su fito, hanyoyin da aka saba bi su toshe da katangu. Taswira ɗaya ta zama biyu.

Mataki na 7: Sauti

Wayarka ta isa. Motsa hannu cikin baho don ƙarar filafili, naɗi kukan kwaɗi da dare a damina, ruwan sama a kan kwano, ƙarar ƙyauren ƙarfe. Ka naɗa bayan an kashe janareta, ka tsabtace a Audacity. Kada ka ɗauki waƙar wani mawaƙi ka sa ba izininsa. Kiɗa kaɗan ya isa, a ajiye shi sai an isa wuri mai muhimmanci.

Mataki na 8: Gwaji

Tun daga mataki na 3 ka riƙa tura wasan cikin wayar nan mai rauni duk mako. Abin nema shi ne hoto 30 a sakan, kuma wayar ta yi minti goma sha biyar ba ta yi zafin da za a ajiye ta ba. Wanda ya bari sai ƙarshe yakan tarar dole ya rushe rabin aikinsa.

Sannan ka miƙa wa ƙanwarka, ka zauna a baya, ka kama bakinka. Wannan ya fi kowane mataki wuya, domin za ka ga ta wuce jan ƙyallen sau uku, bakinka na ƙaiƙayi. Kada ka ce komai, rubuta wurin. Idan mutum biyu suka ɓata a wuri ɗaya, laifin taswira ne, ka koma ka gyara haske ko ka matsar da gini. Da ta gama kada ka tambaye ta ko ya yi kyau, kunya za ta sa ta ce e. Ce mata ta ba ka labarin mutanen gidan benen nan. Abin da ta faɗa shi ne abin da ka gina.

Mataki na 9: Ajiya da rabawa

Wasan ya riƙa ajiye ci gaban mai wasa da kansa duk lokacin da aka sauka daga jirgi, a ma'ajin da Godot ke kira user://, domin caji na ƙarewa ba shiri. Kuma ya yi aiki ba intanet. Mutanen Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan waya a Satumban 2021 aka yi makonni ba sabis, kuma ko yau data ba ta wadaci kowa ba. Ka matse hotuna har fayil ɗin APK ya tsaya ƙasa da megabait 100, yadda zai wuce daga waya zuwa waya ta Xender a teburin mai caji. Shafin itch.io yana karɓar wasa kyauta, Google Play kuma ana biyan dala 25 sau ɗaya kafin a buɗe asusu.

Fitarwa zuwa Android na buƙatar OpenJDK 17 da Android SDK, sai fayil ɗin sa hannu da ake kira keystore. Ka kwafe shi a filashi, ka tura wa kanka ta imel, ka rubuta kalmar sirrinsa a littafin taswirarka. Idan ya ɓace, sabon gyaran da ka fitar ba zai hau kan tsohon da ke wayoyin mutane ba, sai sun goge wasan, kuma ci gabansu zai tafi tare da shi.